Ranar da Barau Ya Ciji Sukudireba

Duk wanda ya riƙe sitiyari tsakanin Jega da Aliero da Maiyama a shekarun da aka ba mu jihar Kebbi, in ya ce maka bai san Barau Mai Kunne ba, to jaki yake kora, ba mota ba. Ni Jibrilla, da na yi shekara goma sha tara ina jigilar albasa a akori-kura, ni zan ba da labarinsa, don in ka cire Balkisu matarsa babu wanda ya san shi kamar ni. Wanda ya ga na cika zuzutawa ya yi haƙuri, haka Allah ya yi ni.

Barau ɗan Aliero ne, gidansu gidan masu ɗori. An so ya gaji ubansa, shi kuwa ko jinin kaza ba ya son gani. Ranar da aka fara sa shi riƙe ƙafar wani manomi da ya faɗo daga amalanke, mai karayar bai suma ba, Barau ne ya suma. Aka yayyafa masa ruwa, ya farfaɗo, ya kama hanyar Jega a ƙasa. Ya je ya durƙusa gaban wani tsohon makaniki a bakin tasha, ya ce a koya masa gyaran ƙarfe, tunda shi ƙarfe ba ya jini. Shekara biyu ubansa bai yi masa magana ba.

A nan ya girma, a nan ya yi aure, a nan ya gaji rumfar tsohon. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, mai faɗan tsiya. In ka kawo masa mota ka ce, “Ina jin kafireta ce,” sai ya miƙo maka sifana ya ce tunda ka sani, bismilla. Kuma ga abin dariya, mutumin da ya san cikin inji kamar tafin hannunsa bai iya tuƙi ba. Sau ɗaya ya gwada, ya kwashe teburin mai tsire, daga nan ya tuba.

Amma kunne! Kai jama'a, Allah ya ba bawan nan kunne. Yana zaune gindin darbejiya yana shan fura, mota za ta wuce a titi, ko ɗaga kai ba zai yi ba, sai ka ji ya ce, “Waccan da fulogi ukku take tahiya.” Mu direbobi mun sha bin mota a guje har cikin tasha don mu kama shi da ƙarya, ba mu taɓa dacewa ba. In ƙarar ta ɓuya cikin inji, yana da wata doguwar sukudireba da wani maƙeri a Maiyama ya yi wa ƙota da icen ƙirya. Sai ya ɗora bakinta kan inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido. Kafin ka gama cin goro ya faɗa maka ciwon motarka. Da wannan kunne ya ciyar da 'ya'ya shida, da shi ya yi wa gidansa rufin kwano.

A kakar shekarar da aka ba mu jiha, tayar tirela ta fashe a rumfar mai faci da ke jikin tasa, Barau na tsugune dab da ita. An ji ƙarar har cikin kasuwa. Ya yi mako biyu kwance, ya dawo aiki yana cewa ya warke sarai. Kowa ya yi masa barka. Ni ma na yarda, sai ranar da na tsaya bayansa na kira sunansa har sau uku, yana ta goge fulogi abinsa. Na dafa kafaɗarsa, ya zabura. Muka kalli juna, ya gane na gane.

Bayan la'asar ya ja ni bayan masallaci. Ya ce, “Jibrilla, kunne ya tahi. Na dama kamar an liƙe shi da ƙasa, na hagu kuwa kamar ina ƙasan gulbi ana magana a tudu. Daga Balkisu sai kai kuka sani. In ta fita, na san bakin da ta fito.”

Na ce haba Barau, ciwo ai ba abin kunya ba ne.

Ya ce, “Kai wawa ne. Wanda ake kira Mai Kunne, in aka ji kurma ne, wa za ya kawo mai ko keke? Mi zan ba yara?”

Na rantse masa zan rufe bakina, kuma na rufe, ni da aka sani da surutu. Shi kuwa ya koyi kallon bakin mutane. Ya riƙa tsayawa inda zai ga fuskar kowa. Dama can muryarsa a sama take, don haka babu wanda ya lura da ta ƙara hawa. Yawancin gyara hannu da ido da hanci sun ishe shi, don yana sansana hayaƙin salansa ya san abin da inji ke ciki. In kuwa aka zo da mota mai wata baƙuwar ƙara, sai ya ce aiki ya yi masa yawa, a dawo jibi. Shekara ɗaya da rabi yana wannan zillo, ni kuma kullum gabana na faɗuwa a madadinsa.

Ana cikin haka sai ga Alu. Sabuwar jiha ta jawo mutane iri-iri, shi daga Sakkwato ya zo, ya kafa rumfa tsallaken titi, daidai ta Barau. Magidanci ne ɗan shekara talatin, da allon suna, da rigar aiki mai aljihu bakwai. Zan faɗi gaskiya ko da ba na son faɗa: Alu ya iya aiki. Bakinsa ne kawai ya fi hannunsa sauri. Ya fara cewa a tasha wai zamanin sauraren mota kamar boka ya wuce.

To, ranar da nake son ba ku labari, bazara ce, bayan ƙaramar Sallah, ranar kasuwar Jega. Na yi lodin albasar maigidana Alhaji Tamu a Sabiyal, shi da kansa yana zaune gefena. Sawu biyu za mu yi, don babbar motar da za ta kai kayan kudu da yamma za ta tashi, ga sauran albasa can tsibi a gona rana na dukanta. Muna wuce Aliero sai na ji wani abu a gaba, ƙyar-ƙyar-ƙyar, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. In na taka totur ta taso, in na saki ta lafa. Wani lokaci ta yi shiru har in ce alhamdulillahi, sai ta dawo da ƙarfinta. Alhaji ya riƙe ƙofa yana salati, yana tambayata me na yi wa motarsa. Da lallaɓawa muka shigo Jega.

Rumfar Alu ce a hannunmu, Alhaji ya ce in tsaya nan. Alu ya buɗe bonet, ya saurara, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce ƙarar daga saman inji take, sai an kwance kai an duba. Kwana uku.

Alhaji ya ce, “Kwana ukku? Da zahin ga? Albasata ta zama miya ke nan! Jibrilla, tahi ka kira min Barau, shi ya saurara.”

Wannan ita ce irin motar da Barau ke gudu, ga shi ranar kasuwa, tasha cike da direbobi. Na ce, “Alhaji, ina jin Barau ya tahi Maiyama ta'aziyya.” Ban rufe baki ba sai ga gogan yana tsallako titi da asuwaki a baki, sukudirebarsa soke a ɗamara, ya hango motata ya zo ganin lafiya. Alhaji ya kalle ni, ya kalle shi, ya ce, “To ga shi ya dawo daga Maiyamar.”

Kafin ka ce kwabo an kewaye mu. Direbobi, 'yan kamasho, mahauta da wuƙaƙensu a hannu, har masu talla sun sauke farantai. Kowa ya san yau za a raba gardama tsakanin rumfa biyu. Alhaji ya yi wa Barau bayani, Allah ya sa yana fuskantarsa. Barau ya dube ni sau ɗaya. Ba zan manta kallon nan ba, kallon wanda ruwa ya kai wa wuya. Babu damar cewa a dawo jibi. Ya ce, “Tada ta.”

Na tada mota, na bar ƙofa a buɗe, ƙafa kan totur, wuyana a waje ina leƙensa ta gefen bonet. Ya ɗora sukudireba, ya manna ƙota a kunnen hagu, ya lumshe ido yadda ya saba. Na taka. Ƙarar ta tashi, duk wanda ke wurin ya ji ta, har wata mai fura ta ce subhanallahi. Fuskar Barau ko motsi. Ya matsa gaba, ya sake mannawa. Ya koma baya. Ya ajiye sukudireba ya ɗora tafin hannu, to amma inji gaba ɗaya rawa yake yi, hannu ba ya rabe wannan da waccan. Gumi ya fara tsattsafo masa a wuya. Alu ya ce daga bayansa, “Baba Barau, ko a kawo maka kujera?” Aka yi dariya. Barau bai juya ba, mutane suka ɗauka shan ƙamshi ne. Ni kaɗai na san ko kalma ɗaya bai ji ba.

Wallahi na so in yi masa nuni, to in nuna masa ina? Ƙarar inji munafuka ce, tana nan kana jin ta can. Sai addu'a kawai nake yi, ƙafata kan totur.

Ya sunkuya ƙasa sosai, kamar mai neman abu a rijiya, don dai ya ɓoye fuskarsa. Asuwakin nan da ke bakinsa ya taɓa murfin inji. Sai na ga mutum ya yi tsalle baya kamar kunama ta harbe shi. Ya tsaya, ido waje. Ya sake sunkuyawa a hankali, ya dafa asuwakin a ƙarfe da gangan, ya datse shi da haƙori. Na ga girarsa ta ɗaga. Ya tofar da asuwaki, ya ɗauki sukudireba, ya juya ta, ya kafa haƙoransa a ƙotar ƙirya kamar kare ya samu ƙashi, ya ɗora bakinta kan inji.

Tasha ta kwashe da dariya. Wani mahauci ya ce, “Barau bai karya ba, a ba shi tsire!” Alu har da riƙe ciki. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya ɗaga hannu sama, na gane nufinsa, na taka. Ya sauke hannu, na saki. Ashe ƙarar ta haƙori take bi, ta ƙashin kai, ta shiga inda kunne ya hana ta. Jin inji yake yi, jama'a! Karo na farko cikin shekara ɗaya da rabi!

Daga nan kuma sai ka rantse Barau na da ne. Ya dafa saman inji, inda Alu ya ce ciwon yake, ya saurara, ya girgiza kai. Ya koma famfon ruwa, ya girgiza kai. Garin sauri bakin sukudireba ya goga wayar fulogi inda ta ɗan tsage, ga ƙota ta jiƙe da miyau, wuta ta fizge shi har hularsa ta faɗi. Ya zunduma ashar ɗin da ba zan maimaita ba, ya share baki, ya sake cizawa. Dariya ta fara raguwa, mutane suka matso. Ya gangara gefen inji, ya ɗora a wuyan distiributa, wato ɗan tulun nan mai hula da wayoyi a ka, wanda ke raba wa fulogai wuta ɗaya bayan ɗaya.

Nan ya tsaya cak. Hannu sama, na taka. Hannu ƙasa, na saki. Sama. Ƙasa. Sau biyar muna haka. Kafaɗunsa suka fara rawa, na ɗauka wutar ce ta sake kama shi, ashe dariya yake yi da ƙota a baki. Ya zare ta, ya daka min tsawa, “Kashe! Ga ta nan, 'yar banza, na kama ta!”

Alu ya ce, “Haba Baba, distiributa? Ai na buɗe ta, lahiyarta lau.”

Wannan karon a gabansa yake, Barau ya ga bakinsa. Ya ɓalle maƙalai biyu, ya cire hular, ya zare rota, ɗan abin da ke juyawa a tsakiya. Komai tsaf, ko tsaga babu. Alu ya buɗe hannuwa yana kallon jama'a. Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, mun mutu.

Barau ya ce, “Kai falo ka leƙa, yaro. Ɓarawon na ƙuryar ɗaki.”

Ya kwance farantin da ke ƙasa, ya ɗaga shi. A ƙarƙashinsa akwai wasu 'yan ƙarafa biyu masu buɗewa kamar fiffike in inji ya ɗau gudu. Ya zura yatsu biyu, ya lalubo, ya fito da wata 'yar ƙusa mai zare, ba ta kai ƙwayar wake ba, ta sha duka har tana ƙyalli. Bangon ciki duk ya karce. In an taka totur, ƙarafan nan su buɗe su yi ta wurgi da ita, in an saki ta kwanta, wani lokaci ta maƙale a lungu ta yi shiru. Barau ya ɗaga ta sama tsakanin yatsu kowa ya gani.

Kai! Tasha ta ɗauka. Wani ya cilla hula sama, mahauta na buga wuƙa da wuƙa. Barau ya ce, “Wagga ƙusar kwantak ce. Ga na motar nan duka a wurinsu, wagga kuwa daga ina? Wa ya taɓa motar ga?”

Sai na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mako guda kafin nan mota ta mutu min a hanyar Maiyama, na buɗe distiributa na kankare kwantak, ɗan abin da ke ɗauke wuta yana mayarwa. Ƙusa ɗaya ta suɓuce min. Na yi ta tonon yashi ƙarƙashin mota ban gan ta ba, na ce ƙasa ta ci, na ɗauko wata a gwangwanin tarkacena na ɗaura. Ashe ciki ta faɗa. Na ɗaga hannu kamar ɗan makaranta na ce ni ne. Alhaji Tamu ya cire takalmi ya bi ni, muka zagaya mota sau biyu, jama'a na ihu, shi kansa yana zagi yana dariya.

Barau ya mayar da komai, ya ɗaure, ya ce in tada. Na murza makulli. Na taka kaɗan. Na taka sosai. Na nitsa totur har ƙasa, inji ya yi kuka mai daɗi, sumul, babu ƙyar babu ƙyas. Aka yi kabbara. 'Yan kamasho suka shiga yi masa kirari, Mai Kunne, Mai Kunne, na Balkisu ba ka da na biyu!

Shi kuwa ya juya baya yana goge hannu da tsumma. Alu, Allah ya yi masa albarka, ya matso ya ce, “Baba, na bi.” Shiru. Ya sake faɗa da ƙarfi. Shiru. Alhaji ya kira shi, “Barau! Barau!” Tsakaninsu bai fi taku biyu ba. Ihun ya fara mutuwa, mutane na kallon juna. Na diro daga mota da gudu don in shiga gabansa, amma ya riga ya juyo. Ya ga bakuna a buɗe, ya ga idanu a kansa. Ya dube ni, ya ce da muryar nan tasa da ake ji har bakin kasuwa, “Jibrilla, ta daina?”

Na shiga gyaɗa kai da sauri ina ƙifta masa ido.

Ya ce, “Bar ƙifce-ƙifcen nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.” Ya juya ga jama'a. “Ku kun ji ta daina, ni ban ji ba. Tun ranar da tayar nan ta fashe ban ƙara jin inji ba sai yau, shi ma da haƙori. Kirarin da kuke yi, bakinku kawai nake gani. Wanda za ya kawo mota ya kawo, wanda za ya kai wa Alu ya kai, ya iya aiki. Ni dai na gaji da ɓoyo.”

Tasha ta zuba masa ido. Na ji hawaye na bin fuskata, ban ma share ba. Ina kallon direbobin nan ɗaya ɗaya, mutanen da ya yi shekara ashirin yana tayar musu da matattun motoci, ina cewa a raina wallahi duk wanda ya fara juya baya sai na fasa masa baki.

Alu ne ya juya. Ya ratsa jama'a ya shige bayan rumfarsa. Barau ya bi shi da kallo, ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kakkaɓe, ya soke sukudireba a ɗamara zai tsallaka titi. Sai muka ji ana cewa a ba da hanya. Ga Alu nan, hannu ɗaya kan sitiyari, kafaɗa a jikin ƙofa, yana turo wata tsohuwar tasi da ta kwana huɗu a wurinsa ta gagare shi, duk tasha an sani. Ya tsayar da ita a gaban Barau, ya ɗaga bonet, ya zagayo ya tsaya daidai inda Barau zai ga bakinsa. Ya cire hula, ya faɗa a hankali, kalma ɗaya ɗaya.

“Baba, don Allah, ciza min wagga.”

Barau ya daɗe yana kallonsa. Ya ja hanci da ƙarfi, ya goge ido da tsumman da ya goge baƙin mai, fuskarsa ta yi dumu-dumu, babu wanda ya yi dariya. Ya zaro sukudireba, ya share ƙotar a rigarsa, ya ce, “To tsayuwar mi kake yi? Shiga ka tada ta.”

Na tuna wa Alhaji Tamu cewa akwai sauran sawu ɗaya a Sabiyal, rana na yi. Ya ture ni gefe da gwiwar hannu don na tare masa gani, ya ce albasa ta jira.